Sabulu a Sandar Goge

Shekara biyu ke nan Pak Harjito yana shafa wa sandar gogensa sabulu, kuma a lissafinsa babu mahalukin da ya sani a duk faɗin birnin Jogja, inda don girmamawa ake ce wa dattijo Pak, dattijuwa Bu, na ƙasa da su kuwa Mas ga namiji, Mbak ga mace.

Ga yadda abin yake. Izgar dokin da ke jikin sandar, sai an goga mata ƙaro take kama tsirkiya ta fitar da murya. In ka wanke ƙaron tas, ka shafa busasshen sabulu, sai sanda ta yi ta zamewa sama da ƙasa, ko ƙis ba za a ji ba. Mai kallo daga nesa zai rantse kiɗa kake zubawa. Pak Harjito kuwa gwani ne a wannan fanni. Kafaɗa na rausaya, gira na ɗagawa, in an zo wurin da kiɗan ya yi taushi har lumshe ido yake yi, kai ka ce shi ya tsara waƙar.

Ba lalaci ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Hannunsa na dama ne ya fara rawa. In kiɗa na gudu babu laifi sosai, amma da zarar an zo doguwar murya mai sanyi, wadda ake jan sanda a hankali, sai ta hau tsalle a kan tsirkiya tana ƙara mara daɗi. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a ƙungiyar makaɗan birnin, mutum sittin masu goge da sarewa da ƙaho da ganga. Da can a layin gaba yake zama, dab da madugu mai ba makaɗa hannu. Sannu a hankali ya yi ta ja da baya har ya kai benci na ƙarshe a rukuni na biyu na masu goge, inda suke raba takardar kiɗa ɗaya da Mas Gunadi, wani ƙaton mutum mai tumbi da ba ya iya minti biyar bai tsokani wani ba. Pak Harjito ya karɓi aikin juya shafi, ya ce shi ya fi sabawa. Ai dole ya saba, wanda ba ya fitar da sauti ba a rasa komai in ya tsaya.

A gida ma haka yake ɓoyo. Hannun dama kullum yana aljihu, da hagu yake ɗaukar kofi, ya ce kafaɗa ce ke masa ciwo. Matarsa Bu Murni ba ta taɓa tambaya ba. Abin da ke haɗa su faɗa kawai shayi ne, don ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a ta zuba masa rabin kofi. Kullum sai ya yi mita, ya ce tsufa ya zo mata da rowa, ko ganyen shayin daga Makka ake kawo shi? Ita kuwa sai ta ce sukari ne ba ya masa kyau, ta ci gaba da gugar baƙar kwat ɗinsa ta wasa.

Ana nan sai ƙungiya ta cika shekara hamsin, aka ce za a yi gagarumin wasa. Madugu Pak Baskoro ya zo da wata mata mai suna Mbak Kinanti, wadda sana'arta zane da haske. Ta daɗe a ƙasashen waje, ta dawo da gajeren gashi da maganar da ba ta kwana-kwana. Ta sa aka kewaye dandamali da farin ƙyalle, daga baya har gefe da gefe, aka rataye majigi shida a sama. Sannan ta nuna musu wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, ta ce za a maƙala wa kowane abin kiɗa guda. Girgizar jikinsa kawai take ji, ba ruwanta da na maƙwabci. Kowane makaɗi yana da zangarniyar shinkafa tasa ta haske a jikin ƙyallen, daidai bayansa. In ya yi kiɗa ta tsiro, in ya ƙara ƙarfi ta yi tsawo ta zama ruwan zinariya, in ya yi shiru ta mutu. Mutum sittin, gonar shinkafa guda.

Mas Gunadi ya sunkuyo ya ce, "To fa, Pak. Saura ƙiris a ƙirƙiro mai nuna wanda bai yi wanka ba."

Pak Harjito ya yi dariya tare da kowa, amma idonsa na kan sandarsa.

Ranar gwaji na farko aka kashe fitilun zauren, Pak Baskoro ya ɗaga hannu, kiɗa ya tashi. Wallahi abin ya yi kyau, ba a cewa komai. Shinkafa ta tsiro ta ko'ina, tana kaɗawa in masu sarewa sun busa, tana sunkuyawa in ganga ta buga. Wasu makaɗan har ɓata layi suka yi don kallo. Sai dai can a kusurwar hagu akwai wuri ɗaya baƙi ƙirin, kamar giɓi a bakin mai dariya.

Mbak Kinanti ta tsayar da kiɗan. Tana da ƙaramin makirfo a gefen baki wanda ke kai muryarta ga lasifikokin zauren, ta ce lamba ashirin da bakwai ba ya aiki. Ta hawo dandamali da kanta, ta canza na'urar, aka sake. Baƙi. Ta canza waya, aka sake. Baƙi. Ta ƙwanƙwasa katakon gogen da farce, sai zangarniyar ta yi wal ta mutu. To, na'ura lafiyarta ƙalau.

Ta ce, "Pak, ja mini tsirkiya ɗaya, kai kaɗai."

Sandarsa ta gaskiya tana gida a kan kwabet, ƙura ta rufe gidanta. Ya dubi Mas Gunadi, ya ga mutumin ya duƙufa yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya. Sai ya ɗora sandar ya ja. Wani ɗan huci ya fito, fuuu, shi ke nan.

Ita fa ba da mugunta ta yi ba, mai neman inda matsala take ce kawai. Ta karɓi sandar, ta shafa izgar da babban yatsa, ta kai hanci.

"Wannan ai sabulu ne," in ji ta, lasifika huɗu suka maimaita.

Mutum hamsin da tara suka sami abin karantawa a takardunsu lokaci guda. Pak Harjito ya yi murmushi, irin wanda mutum ke yi in ya faɗi a babur a gaban jama'a, ya ji kunnuwansa suna zafi har cikin ƙwaƙwalwa. Pak Baskoro ya dubi agogo ya ce lokacin shan shayi ya yi, alhali ko minti ashirin ba a yi da farawa ba.

Da ma zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. A wurin shayi kowa ya ninka masa ladabi. Mai busa ƙaho ya kawo masa dunƙulen shinkafa a ganyen ayaba har guda biyu. Mai ganga ya tambaye shi lafiyar tsuntsayensa. Matasan da ke wucewa ta gabansa suka ƙara rusunawa fiye da kullum, hannu ɗaya a ƙasa. Babu wanda ya ambaci sabulu, babu wanda ya ambaci wanka, har Mas Gunadi ya yi rabin sa'a bai tsokani kowa ba. Pak Harjito ya ajiye shinkafar bai ci ba.

Ya koma gida da niyyar ba zai sake taka zauren nan ba. Yana shiga ya tarar Bu Murni ta baza rinannun zannuwanta na batik a kan gado tana zaɓen wanda za ta ɗaura ranar wasa. Rabonta da zuwa kallonsa ya kai shekara biyar, gwiwa ta hana ta hawa matakala, amma wannan karon ta ce ko da rarrafe sai ta je, tunda an ce kowa da shinkafarsa. Ta riga ta gaya wa maƙwabta, ta gayyaci ƙanwarta daga garin Klaten. Ta tambaye shi ta ina za ta duba.

"Kusurwar hagu, can ƙarshe," ya ce, ya shige banɗaki ya daɗe.

Washegari ya tafi da takardar ajiye aiki a aljihu, ya ce zai ba Pak Baskoro, sannan ya san ƙaryar da zai yi a gida. Amma tun a ƙofa Mbak Kinanti ta tare shi. Da gani wani ya zaunar da ita ya yi mata karatu. Ta rusuna har ƙasa, ta kama hannunsa ta kai goshi, ta ce ya yafe mata, jiya kwamfutarta ce ta sami matsala, yanzu ta gyara. Ta nuna masa hanyar kujerarsa da babban yatsa, irin nunin ladabi na garin. Kafin ya buɗe baki an fara daidaita tsirkiya, sai ya tsinci kansa a zaune, sandar sabulu a hannu.

Kiɗa ya tashi, ya saci kallo ta gefen ido. Zangarniyarsa ta tsiro. Doguwa, cikakkiya, tana sheƙi. Kuma don Allah dubi wautar zuciya, na ɗan lokaci sai da ya ji daɗi, har ya fara tunanin ko sabulun ne ya ƙare a izgar. Aka zo ƙarshen shafi, ya sauke gogen a cinya, ya miƙa hannu ya juya takarda. Ya sake dubawa. Gogensa na kwance a cinya, shinkafarsa na can tana rawa abinta. Ta Mas Gunadi ta yi dama, tasa ta yi dama. Ta Mas Gunadi ta sunkuya, tasa ta sunkuya. An jona haskensa da gogen maƙwabcinsa.

Bayan an tashi ya sami Mas Gunadi a rumfar ajiye babura yana fama da rigar ruwa, sama na zuba. Bai yi wata doguwar gaisuwa ba.

"Tun yaushe ka sani?"

Mas Gunadi ya yi ƙoƙarin cewa me aka sani, ya ga fuskar dattijon, ya fasa.

"Haba, Pak. Shekara sha tara kunnena yana jin ka a ƙungiyar nan. Ran da ka yi shiru ai kamar an kashe fanka ne a ɗaki. Ga ƙamshi kuma. Na farkon ma mai lemon tsami ne, ya fi wannan na yanzu daɗi."

"Pak Baskoro fa?"

"Shi ya ce in riƙa ƙara ƙarfi kaɗan, in cike na mutum biyu."

Da ya matsa masa, sai sauran ya fito. Ashe tun a watan farko manyan ƙungiya suka zauna a gidan madugu, ban da shi, suka yanke cewa mutumin da ya koya wa rabin masu gogen nan riƙon sanda ba za a ce masa ya tashi ba. A bar shi da kujerarsa har ranar da ya ga dama. Duk sabon da aka ɗauka sai an ja shi gefe an gaya masa. Mbak Kinanti ce kawai aka manta, don ba makaɗiya ba ce.

Mas Gunadi ya ce, "Ba don raini ba ne, Pak."

Ya san ba raini ba ne, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Duk hanyar gida, ruwa na dukansa, ba rawar hannun yake tunawa ba. Girar nan da yake ɗagawa yake tunawa, da lumshe idon, da yadda yake share gumin ƙarya da hankici bayan an gama waƙa mai wuya. Akwai ma ranar da ya ja wani yaro mai goge gefe ya yi masa faɗa a kan yana jan sanda da garaje, yaron ya ce na gode, Pak. Ashe yaron ya sani. Shekara biyu yana wasan kwaikwayo a gaban mutum hamsin da tara da suka san ƙarshen labarin, suna taya shi riƙe labule. Kunya ta kama shi har ya wuce kwanar gidansu bai sani ba.

Ana gobe wasa, da Bu Murni ta fita karatun mata a masallacin unguwa, ya hau kujera ya sauko da tsohuwar sandar. Ya goga mata ƙaro har izgar ta yi fari, ya rufe tagogi, ya ja doguwar murya. Sandar ta yi tsalle, ta yi ƙara, ta sake tsalle. Tsuntsayen da ke keji a baranda suka yi tsit. Ya gwada sau ashirin, babu wanda ya fi wani. Ya zauna a bakin gado yana kallon zanen batik ɗin da ta zaɓa, mai ruwan ƙasa, a goge a ninke. Gobe za ta ɗaura shi, ta hau matakala da gwiwar nan, ta nuna wa ƙanwarta kiɗan Gunadi ta ce ga na mijina.

Ranar wasa ya riga kowa zuwa. Ya sami Mbak Kinanti a bayan na'urorinta, ya ce ta mayar masa da haskensa kan gogensa. Ta tuna masa cewa a kashi na biyu akwai wurin da kowa ke tsayawa sai rukuninsu, mutum goma, a hankali, na kusan minti guda. Zangarniya goma ce kawai za ta rage a ƙyallen, duk zauren a nan ido zai kasance. Ya ce ya san wurin, shi ke juya shafin. Daga nan ya wuce ɗakin Pak Baskoro ya ajiye masa takardar da ta kwana uku a aljihu, ya gaya masa abin da zai yi yau, in an yarda. Madugu ya daɗe yana gyara maɓallin hannun rigarsa.

"Bismilla, Pak," ya ce.

Bayan la'asar zaure ya cika maƙil. Aka kashe fitilu, gonar ta tsiro, mutane suka ja numfashi gaba ɗaya. A kashi na farko kiɗan gudu ne, ya samu ya bi. Zangarniyarsa gajeriya ce, siririya, ba ta kai kafaɗar ta Gunadi ba, amma tasa ce. Rabon da ya ji katakon nan yana girgiza a ƙarƙashin haɓarsa a gaban jama'a har ya manta yadda abin yake. Da ya sauke gogen don juya shafi, hasken ya mutu, ya ɗauka ya dawo.

Sai aka zo wurin. Ganguna suka yi shiru, ƙahonni suka sauka, gonar ta ɓace sai guda goma. Tara suna tsaye cak, suna kaɗawa tare a hankali. Ta goma kuwa, can a kusurwar hagu, karkarwa take yi, tana yankewa tana dawowa. Kuma ba ido kaɗai ba, kunne ma ya ji, don zauren ya yi tsit, ƙarar tsallen sandar tana fita sarai a ƙarƙashin muryar sauran. Wani ya yi tari a layin gaba. Wata yarinya ta tambayi uwarta da ƙarfi me ya sami waccan, aka ce mata ta yi shiru. Gumi na gaske ya gangaro masa cikin ido. Ya so ƙasa ta tsage, ya so ya ɗaga sandar ko da faɗin gashi ne daga kan tsirkiya, ya huta. Bai ɗaga ba. Mas Gunadi bai ƙara ƙarfi don ya rufe shi ba, Pak Baskoro bai kawar da kai ba, ya ba shi hannu daidai yadda yake ba kowa. A haka aka ja minti ɗin nan har ƙarshe, bai yi kyau ba, kuma kowa ya san daga ina.

Da aka gama aka yi ta tafi, makaɗa suka miƙe. Shi ma ya miƙe, idonsa a kan takalminsa.

A mota ƙanwar Bu Murni ta yi ta zuba, ta ce ita ba ta taɓa ganin abu irin wannan ba, sai dai a gaya wa yarinyar nan mai haske ta gyara fitilar kusurwa, tana ta ƙyaftawa. Bu Murni ta juya tana kallon titi. Da suka isa gida aka yi magariba, baƙuwa ta shiga ɗaki ta kwanta, ya rage su biyu a teburin kicin. Bu Murni ta ɗora ruwa a wuta. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Bu, ba fitilar ba ce."

"Na sani."

"Hannun ne. Shekara biyu ke nan."

"Biyu da wata bakwai," ta ce, tana juya sukari. "Tun ranar sunan jikar Pak RT mai unguwa, da ka zubar da miya a riga ka ce yaro ne ya ture ka."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce to me ya hana ta magana? Ta ce shi me ya hana shi? Ta ce sabulun wanka ma da yake yanka da reza yana sakawa a gidan goge, yana zaton ba ta ƙirga abin da ta saya? Mai lemon tsamin yana sa shi atishawa, shi ya sa ta canza.

"Kai kuma kullum ka ce ina maka rowar shayi."

Ya sunkuyar da kai, ya ce ta yafe masa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce ita dai yau ba ta sha wahalar nemansa a ƙyallen ba, tana ɗaga ido ta gane shi.

Ta ɗauko butar ta zuba, wannan karon har baki, ta ajiye kofin a damansa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zaro hannun daga aljihu ya ɗauka. Kofin ya yi ta ƙara a kan faranti, shayi ya zubo masa a yatsu, ya ɗiga a farar rigar da ta goge da safe. Bu Murni ba ta kawar da kai ba. Ta jira har ya kai baki ya kurɓa, sannan ta miƙo masa tsumma.